Ranar da Aka Ɗauke Ni Aljani a Kasuwar Mayahi

Tun da na dawo daga Nijar abokan wasanmu ba su bar ni na huta ba. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Malam Bala, wai me ka gano a can?" Wanda ya fi matsa mini shi ne Sani, don shi ya fara lura cewa aljanun da nake kawo musu a wasa sun sake hali. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, wannan ya ji farko wancan ya ji tsakiya, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san wasan ba, mu malaman makaranta ne a Zariya. Mukan taru a barandar gidana bayan la'asar ranar da babu aiki. Akwai tebur, akwai taswirar wata ƙasa da na zana da hannuna, ƙasar da babu ita a duniya, akwai kuma ɗan ludo mai ɗigo-ɗigo. Ni ne mai jan labari. Sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, wannan maharbi, wancan bafatake, wani maƙeri. In na ce ga ku a bakin tsohuwar rijiya, ga wani abu yana motsi a ciki, kowa sai ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace. Wani abokinmu da ya yi karatu a waje ne ya zo da dabarar, muka cire dodannin Turawa muka sa namu.

Da farko in na ambaci aljani sai ka ga an gyara zama. Da tafiya ta yi nisa suka san aljanun nan kamar maƙwabtansu. Sun san a tsamiya suke kwana, sun san ƙafarsu kofato ce, sun san abin da ake karantawa su gudu. Ranar da Sani ya tsaya gaban sarkin aljanu ya tambaye shi ko yana da ɗan goro a aljihu, kowa ya fashe da dariya, ni kuwa na san wasan ya fara mutuwa a hannuna.

Amma ba wannan ne ya kai ni Nijar ba. Mahaifina, Malam Mamman, haifaffen wani ɗan ƙauye ne arewa da garin Sarkin Hausa, a ƙasar Mayahi. Ya baro can yana saurayi, ya zauna Zariya, bai sake komawa ba. Ya bar ƙanwa guda, Dije, wadda ban taɓa gani ba. Shekarar da damina ta ƙi, mutanen arewa suka riƙa kwararowa da ƙwarya a ka, sai Baba ya daina barci sosai. Ga tari ya kwantar da shi. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Bala, je ka ɗauko mini Dije. In ta ƙi zuwa, ka bar mata abin da za ta ci." Lokacin soja ke mulki a nan, soja ke mulki a can, iyaka kuma a rufe take, ko tiya guda ta hatsi ba a yarda ta ƙetare ba. Don haka kuɗi na ɗaura a ƙugu, da niyyar in sayi gero a can.

Daga Katsina na shiga motar Dankama. Kusa da ni wani dattijo ne siriri mai ƙananan idanu, ya ce sunansa Alhaji Mati, mutumin Tasawa. Tun kafin mota ta tashi ya fara tambaya. Ina za ni, wurin wa, me ke cikin jaka, wa na sani a can. Ina ba shi amsa rabi-rabi, don na riga na yanke a raina ɗan rahoton kwastan ne. Can ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai mushe ne ko?"

Na ji raina ya ɓaci. Ga mushen shanu muna wucewa a gefen hanya, ungulu a kansu, mutum ya dube ni da raina da lafiyata ya kira ni mushe. Na ce, "Alhaji, me na yi maka?"

Ya dube ni, sannan ya kama dariya har da riƙe ciki. Ashe a wurinsu malamin makarantar boko shi ne mushe, makarantar kuma lakkwal. Na yi dariyar ni ma, amma ban saki jiki ba. Shi ma na lura bai saki ba.

Iyakar da ake ta faɗa ba katanga ba ce, ba kogi ba ce. Gonaki ne da karan da bai kai gwiwa ba, ya bushe a tsaye. Muka sauka kafin gari, muka bi wata 'yar hanyar ƙafa, Alhaji Mati a gaba da ƙullin garin rogo a ƙarƙashin riga kamar mai ciki. A gindin wata bishiya wani mutum yana zaune, ba kaki a jikinsa, ba bindiga, amma kowa ya zo sai ya rusuna ya ba shi na goro. Ban san ko wane ne ba, ban kuma tambaya ba. Abin da ya tsaya mini shi ne mutanen da muke cin karo da su. Duk kudu suka nufa, mata da goyo, tsofaffi da sanda. Mu kaɗai muka nufi arewa. Wata mata ta tsaya ta bi ni da kallo har na wuce, na ji tana ce wa ta bayanta, "Wanga ina za shi da ƙibarshi?"

A Gazawa na canza kuɗi, na karya da dogon burodinsu mai tauri kamar icce da kofi mai madara, muka hau bayan wata babbar mota da suke kira kamyo. Mun kusa Tasawa muka tarar da shingen jandarma. A gida in ɗan sanda ya tsayar da mota, direba ne ke sauka su yi 'yar maganarsu a gefe. A can kowa sai ya sauko ya jeru, ba mai tari, ba mai raha. Na miƙa katin makarantarmu. Jandarman ya juya shi gaba da baya, ya ce in buɗe jaka. A aljihun gefe ya zaro taswirar wasanmu da ɗan ludo. Wallahi na manta suna ciki, jakar ce nake zuwa da ita ko'ina.

Ya buɗe takardar. Ga garuruwa, ga rijiyoyi, ga hanyoyi da jan biro, ga wani wuri na rubuta "sansanin mayaƙan yamma". Na waiwaya in nemi Alhaji Mati ya sa baki, na gan shi yana kallon sama kamar mai neman hadari. Kamyo ya tashi ya bar ni.

Babbansu, wanda suke kira shef, mutum ne dogo mai tabarau, yana Faransanci da yaransa yana Hausa da ni. Ya shimfiɗa taswirar a tebur ƙarƙashin rumfa ya danne gefenta da kwalbar ruwa.

"Wace ƙasa ce wagga?"

"Ranka ya daɗe, babu ita. Ni na ƙirƙira."

"Rijiyar ga hwa? Ina take?"

"Ita ma babu ita."

"Ka ƙetaro iyaka a ruhe, da taswirar ƙasar da babu ita, da mayaƙan da babu su." Ya cire tabarau ya goge. "Mushe, ka ɗauke ni yaro?"

Na yi bayani iya iyawata. Na san in abin ya wuce wurin nan zuwa Maradi, Baba zai iya mutuwa bai ji labarina ba, balle na ƙanwarsa. Da na gama ya tura mini ɗan ludo da yatsa ya ce, "To yi mu gani."

Haka na ja labari a shingen jandarma, da rana tsaka, gumi yana bin bayana. Shef ya zama maharbi, wani ƙaramin jandarma ya zama bafatake. Na kai su daji, na kai su gindin tsamiya, na fito musu da aljanina mafi ban tsoro, mai ido kamar garwashi, mai kofato, tsawonsa ya kai rimi. Ƙaramin jandarman ya ƙyalƙyale. Shef ya ce ya harbe shi da kibiya, ya jefa ɗan ludo, ya dace, aljani ya faɗi.

Shef ya jingina da kujera. "Na yarda wasa ne," in ji shi, "don ɗan leƙen asiri ba shi wauta haka. Amma wanga ba aljani ba ne, abin tsoratar da ɗiya ne. Ni a ƙasar Mayahi anka haihe ni. Namu ba su da ido ja. Ranar kasuwa suka zuwa, su sayi gishiri da barkono kamar kowa. Tufansu fari tas, ko ƙura babu. In sunka gaishe ka, gaisuwar ta yi kyau har ta wuce kima. Ba su ciniki, abin da ka hwaɗi shi za su ba ka. Sun san sunan kakanka, amma ba su san hanyar rijiyar gari ba." Ya naɗe taswirar ya miƙo mini, bai sake ta nan take ba. "Uwata ta ce in ka ga baƙo irin wanga, kada ka kore shi, kada kuma ka ba shi baya. Sauka lahiya, mushe."

Na iso tashar Tasawa da yamma a bayan wata motar itace. Wa zan gani zaune a kan benci, sai Alhaji Mati. Ya tashi ya karɓi jakata kamar ɗan'uwansa ya dawo daga Makka, ya ce gidansa zan kwana. Ban so ba, amma ban san kowa ba. Ya sauke ni a zaure, aka kawo tuwon jar dawa, irin wadda ake rabawa ta taimako, da miyar kuka wadda ruwa ya fi kukar yawa. A Zariya in ka yi baƙo, sai ka cika masa kwano ka tsaya a kansa kana ƙara masa. A nan mai gida ya ajiye kwanon, ya rufe ƙofar zaure tukuna, sannan ya ce bismilla a hankali. Na lura duk unguwar ba ka jin ƙarar turmi. Da na tambaya ya ce ana daka, amma a cikin ɗaki, da tsumma a ƙarƙashin turmin. Wanda aka ji dakansa, ko dai maƙwabta su cika masa gida, ko a kai ƙararsa cewa ya ɓoye hatsi.

Da safe muna shan koko na ce masa, "Alhaji, jiya ka bar ni a hannun jandarma."

Bai ji kunya ba ko kaɗan. "Da sunka kama ka na ce ɗan leƙen asirin Najeriya ne. Da sunka sake ka tun rana ba ta hwaɗi ba na ce a'a, nasu ne."

"To me ya sa ka kawo ni gidanka?"

"Gara in san inda ka kwana."

Na ce ni ma tun Katsina na ɗauke shi ɗan rahoto. Ya ce ya sani. Ya raka ni tasha, ya sa ni a motar Mayahi, ya yi wa direba wata magana a kunne wadda har yau ban san ko ta alheri ce ba.

Hanyar Mayahi yashi ne zalla. Motar tsohuwar Landiroba ce, ta kafe ba sau ɗaya ba, mu sauka mu tura, mu tono ƙafafun da hannu. A nan na zauna kusa da wani Bafulatani dattijo da ke riƙe da igiyar shanu naɗe a hannu, ba shanun. Ban tambaye shi inda suke ba.

Mun shiga Mayahi ranar kasuwa. Kafin in shiga na tsaya bayan wata rumfa na cire rigar da ta sha yashi, na sa farar shaddata, don ban so in je wa gwaggona kamar mabaraci. Na goge takalmina sau-ciki, na gyara safa. Kasuwar cike take, amma fatu sun fi hatsi yawa, kuma masu kallo sun fi masu saye. Na sami wani mai gero a can ƙarshe, buhunsa kaɗan, yana zaune a kansu. Na yi masa sallama, na gaishe shi irin ta Zazzau, na tambayi gida da iyali da gajiya da kasuwa, na rusuna. Ya amsa yana dubana.

Na ce ina son buhu biyu. Ya faɗi kuɗi. To lissafinsu da dala ake yi, kowace dala sefa biyar, ni kuwa tun Gazawa ya rikita ni, kuma na ga idon mutane a kaina, na ji kunyar in tsaya ina ja-in-ja a kan abinci a gaban masu yunwa. Sai na zaro kuɗin na buɗe tafin hannu na ce, "Ɗauki naka."

Bai ɗauka ba. Ya ja jiki baya kaɗan.

Don in sassauta abin na ce, "Ni ma ɗan ƙasar nan ne. Jikan Tanko maƙeri ne ni, ɗan Mamman. Gidan Dije nake nema. Ta ina ake bi?"

Wata tsohuwa mai sayar da kanwa a gefe ta ce, "Tanko maƙeri? Wanda ya rasu tun muna 'yan mata?" Ta jawo jikarta ta tura ta bayanta, bakinta yana motsi. Na ji maganar tana tafiya daga rumfa zuwa rumfa kamar wuta a kara. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya gudu. Fili kawai ya buɗe kewaye da ni, kowa ya fuskanto ni, ba wanda ya ba ni baya. Sai a lokacin maganar shef ta faɗo mini, na dubi farar rigata, na dubi hannuna a buɗe.

Mai geron ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Aje su nan ƙasa, cikin rana." Na ajiye. Ya ɗora musu wuƙarsa, muka tsaya muna kallon kuɗi, ana jira a ga ko za su koma ganye. Na so in yi dariya, amma da na dubi fuskokin sai dariyar ta koma. Mutanen nan ba wasa suke ba. Wasu sun binne 'ya'ya a shekarar, wasu sun ga rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba ta ƙafe. Duk abin da suka sani ya saɓa musu, to me zai hana wannan ma?

Da kuɗi suka ƙi zama ganye ya ɗauki nasa ya turo mini sauran da bakin wuƙa. Saura mai kai ni. Masu amalanke duk suka ce jakinsu ya gaji. Guda ɗaya, wani mai suna Illa, wanda ya ce ƙauyensu ɗaya da Dije, ya matso ya ce zai kai ni, amma da sharaɗi.

"Hidda takalmin."

"A nan?"

"Nan."

Na zauna a kan buhun gero a tsakiyar kasuwar Mayahi, na kwance igiya, na cire takalmi, na zare safa. Mutane suka sunkuyo. Wani ya ce, "Ƙahwa dai ta mutane ce." Wani daga baya ya ce, "Na yanzu sun iya."

A kan amalanken Illa, takalmi a cinya, ina kallon kunnen jaki, na yi ta juya abin a raina. Sani, ga amsar tambayarka. Ni ban yi wa mutanen nan kama da dodo ba. Harshenmu ɗaya, sallarmu ɗaya, sunan kakana sunan maƙerinsu ne. Ɗan abin da ya karkace shi ya tsorata su, kuma ya fi tsoratarwa don sauran duk daidai yake. Shi ya sa tun da na dawo ba ku sake ganin kofato a teburina ba. Wanda kuke gamuwa da shi yanzu mutum ne mai ladabi, ya san sunan mahaifiyarku, ya biya fiye da abin da kuka nema, ya roƙi ɗan abu kaɗan, kamar zaren rigarku ko sunan ƙaramin ɗanku, ba ya kuma taɓa cewa ga abin da yake. Na ga yadda kuke yi yanzu in mai sayar da ruwa ya yi muku sallama a labari, kowa ya yi tsit yana kallon ɗan'uwansa. Haka kasuwar ta yi mini.

Muka yi ta tafiya har muka wuce Sarkin Hausa. Ƙauyen da muka isa rabinsa kango ne, ƙofofi an toshe da ƙaya. Ya ce in tsaya a waje, ya shiga wani gida, ya daɗe. Da ya fito ya yi mini nuni da kai.

Gwaggo Dije 'yar ƙaramar mace ce, ta bushe kamar kara, amma idonta garau. Goshin Baba ne a fuskarta. Tana zaune gaban wata tukunya tana sauya ruwan anza, wasu 'ya'yan itace masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Gwaggo, ni ne Bala, ɗan Mamman."

Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ba ta miƙo mini ba, ta ajiye a ƙasa tsakaninmu ta janye hannu.

"Mamman ya rasu," in ji ta. "Wani bahwatake ya kawo mamu labari tun ina da goyon hwari. Mun yi mashi sadaka."

"Yana nan da rai, Gwaggo. Yana Zariya. Shi ya aiko ni."

"Shina da rai, shekara da shekaru, bai aiko ko da goro ba. Sai bana da anka rasa abin ci, sai ga ɗanshi da hwarar riga da buhu biyu." Ta dubi Illa, ta dawo da ido kaina. "Mi ke ga ƙahwarshi ta hagu?"

Na ce tabo ne a ƙwauri, na sara, ya ce fartanya ce ta same shi yana yaro.

"Ni na sare shi," in ji ta. Na ɗauka an gama. Sai ta ce, "Wanga ko aljani ya sani."

Mai gari ya zo da yamma da nasa zargin. Shi bai damu da aljanu ba, ya fi tsoron kada a ce soja suka turo ni in leƙa rumbuna. Ya yi ta tambayata me ya sa nake kallon rufin ɗakuna. Gwaggo ta sa aka buɗe buhu guda, aka daka, aka dama fura, ta ce ni zan fara sha. Na sha, suna kallon maƙogwarona. Da ba abin da ya faru ta kira matan gidajen da suka rage, ta raba buhun nan kaf a tsakaninsu, ta ja ɗaya buhun zuwa ɗakinta.

Na yi 'yan kwanaki a wurinta. Ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa, ba a ɗaki ba. Ba ta kira ni da suna, sai dai "kai baƙo". Na ce zan ci abin da take ci, ta zuba mini anza da ɗan gishiri. Ɗacin bai gama fita ba, cikina ya ɓaci, na wuni ina zarya bayan gari. Ranar ce na fara ganin haƙoranta. Na ji tana gaya wa maƙwabciyarta ta kan danga, "Ko mi ne ne shi, ciki dai gare shi." Ta dafa mini saiwar wani icce na sha, ta zauna nesa kaɗan tana tambayata. Mamman ya yi furfura? Har yanzu yana cin barkono kamar mahaukaci? Matarsa 'yar ina ce? In na ba da amsa sai ta ce "hm", kamar mai auna hatsi tana zargin mudun.

Maganar tafiya kuwa ta kashe ta tun ranar farko. Na roƙa, na ce Baba ba shi da lafiya, na ce akwai ɗaki, akwai asibiti, akwai abinci. Ta ce, "Waɗanda sunka bi baƙo zuwa kudu, wa ya dawo ya ba da labari? In kowa ya tahi, ruwa ya zo, wa za shi tarbe shi?" Na sa mai gari ya sa baki, ya ce shi ma bai ga dalilin da zai sa ta bi mutumin da ba a san asalinsa ba.

Safiyar da zan tafi, Illa ya riga ya ɗaura jaki, sai ta leƙo ta ce, "Kai baƙo, zo." Karo na farko ke nan da na shiga ɗakinta. Ta saki labulen tabarma, ta ce in kawar da randar ruwa. Ta durƙusa ta tona ƙasar wurin da hannu har bakin wani tulu ya bayyana, an liƙe shi da laka. Ta fasa laka a hankali. Gero ne a ciki, gauraye da toka, ƙwayarsa manya, irin shuka. Matar nan tana cin anza, haƙarƙarinta a waje, tana kwana a kan wannan.

"Ko mai gari bai san da shi ba," in ji ta.

Ta ɗebi cikin tafi guda, ta ƙulle a gefen wani tsohon zane, ta yage, ta kama hannuna ta sa mini. Hannunta yana da zafi, ta ɗan riƙe ni kafin ta saki.

"Irin gonar babanmu ne. Har yanzu ban tabbata ko mi ne ne kai ba. In mutum ne kai, ka kai ma Mamman. In kuma aljani ne, to kun fi mu sanin inda matattu suke, ka kai mashi dai."

Dawowa ba ta da labari mai yawa. Na sa tsohuwar rigata, na yi ciniki a kan komai har da ruwan sha, ba wanda ya sake dubana. Ƙullin na sa shi cikin hula, na ƙetare gonakin Dankama da shi a kaina.

Na tarar da Baba a kwance, ya ƙara ramewa. Ya dubi bayana ya ga ba kowa. Na ba shi labari tun daga farko, yana saurare ido a rufe, na ga alamar shi ma yana auna maganata, ko na isa ƙauyen da gaske, ko na tsaya a Maradi na juyo. Na kwance ƙullin na zuba masa a hannu. Ya shinshina, ya ɗauki ƙwaya guda ya sa a baki, ya daɗe yana taunawa.

"Ta yarda kai ɗana ne?" ya tambaya.

Na ce, "Ba ta yarda ba, Baba. Har na taho ba ta yarda ba."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari, na tallafe shi na ba shi ruwa. Da numfashinsa ya dawo ya share ido da bayan hannu, ya damƙe geron a ƙirjinsa.

"To Dije ce," in ji shi. "Ka same ta."